Sharhi: Inabin gidan Lapierre da gumin da ba a rubutawa a jikin kwalba

A ƙauyen Villié-Morgon, arewa da birnin Liyon na ƙasar Faransa, akwai wani gida da ya gaji noman inabi tun kaka da kakanni, gidan Lapierre. Gonakinsu duka ba su kai hekta 20 ba, abin da a idon manyan kamfanonin giya bai wuce lambu ba. Amma daga Paris zuwa Tokyo, duk mai harkar giyar inabin da Faransawa ke kira "natir", wato wadda aka bari ta tsimu da kanta ba tare da an cika ta da sinadarai ba, ya san sunan wannan gida. Marcel Lapierre ne ya ɗaukaka sunan. Ya mutu a 2010, yanzu kuma ƴaƴansa biyu, Mathieu da Camille, ke riƙe da gonakin.

Mafi yawan masu karanta wannan shafi ba sa shan giya, kuma hukuncinta a Musulunci ba ya sauyawa don an noma inabinta ba tare da magani ba. Likitoci ma ba su sassauta mata ba. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta jima da sanya barasa cikin rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar, kuma a farkon 2023 hukumar ta sake jaddada cewa babu wani ma'aunin sha da za a ce ba shi da lahani. Kalmar "biyo" ba ta wanke barasa. Dalilin kawo maganar a nan daban ne. Kowace shekara, daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, matasan Afirka ta Yamma na duƙe tsakanin layukan inabi a Faransa da Italiya da Spaniya, suna tsinka da almakashi. Sannan tsarin kare sunan amfanin gona da aka ƙirƙira a waɗannan gonaki shi ne ya iso har kan albasar Galmi. Labarin gidan Lapierre labari ne na abin da tambari ke iya yi wa manomi, da kuma inda ƙarfinsa ya ƙare.

Lokacin da Marcel ya karɓi gonakin mahaifinsa a 1973, ya tarar da yankinsu na Beaujolais ya rungumi noman zamani hannu bibiyu. Maganin kashe ciyawa ya maye gurbin garma, takin zamani ya ninka amfani, feshi ya zama al'ada. Babu wanda zai zargi manoman wancan lokaci, mutanen da suka ga iyayensu sun tsufa da lanƙwasasshen baya. A rumbun haɗa giyar ma haka abin yake. Idan inabi bai nuna sosai ba, a ƙara sukari don barasar ta yi ƙarfi. A sayo yis na kamfani, wato ƙwayar da ke tsima ruwan, a zuba. Akwai wani nau'in yis da ya yi tashe har giyar yankin ta riƙa ƙanshin ayaba, a ƙasar da ayaba ba ta fitowa. Daga ƙarshe a zuba sinadarin farar wuta da yawa don kada komi ya motsa a cikin kwalba.

Kasuwa ta biya su, na ɗan lokaci. Sabuwar giyar shekara, Beaujolais nouveau, wadda ake fitarwa ranar Alhamis ta uku ta watan Nuwamba, ta zama biki a duniya, jirage na kwasarta zuwa Japan da Amurka. Kowa ya ruga, aka yawaita, aka rage inganci. Da masu saye suka ƙosa, sai suka juya baya ga sunan yankin baki ɗaya, da mai kyau da maras kyau. A farkon shekarun 2000 sai da aka salwantar da ɗimbin giyar da ta rasa mai saye, kuma a shekarun da suka biyo baya an tumɓuke dubban hektocin inabi. Iyalai da yawa sun bar noman.

Abin lura shi ne duk wannan ya faru ƙarƙashin inuwar tambari. Faransa ta kafa tsarin AOC a 1935, dokar da ta ce ba wanda zai sa sunan wani yanki a kan giyarsa sai a can ya noma ta, bisa ƙa'idojin da aka rubuta. Morgon ta samu nata tun 1936. Kowace kwalbar da ta zubar da mutuncin Beaujolais tana ɗauke da cikakkiyar takarda. Tambarin ya hana baƙo satar suna, bai hana ƴan gida ɓata shi ba.

Nan ne maganar ta taɓo gida. A ƴan shekarun nan hukumar OAPI, mai hedikwata a Yaoundé, ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajistar sunan asali, tsarin da ya samo tushe daga wancan na giyar Faransa. Nasara ce, musamman ga wanda ya tuna yadda wani kamfanin iri na waje ya taɓa neman mallake sunan albasar kafin manoman Nijar su tayar da jijiyar wuya. Sai dai takardar Yaoundé ba za ta hana a gauraya iri ba, ba za ta hana a cika albasa da taki har ta kasa jure ajiya ba. Ɗan kasuwar Abidjan ko Accra da ya buɗe buhu ya tarar da ruɓa, ba takarda zai tuhuma ba, sunan Galmi zai tuhuma.

A koma Morgon. A 1981 Marcel Lapierre ya sauya hanya, bayan ya kusanci wani dattijon yankin mai suna Jules Chauvet, ɗan kasuwar giya kuma masanin kimiyyar sinadarai, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin yis da yadda ruwan inabi ke tsimuwa. Chauvet ya mutu a 1989, amma abin da ya koyar ya zama tushen harkar "natir" gaba ɗaya. A daina kashe ciyawa da magani, a koma garma. A riƙe tsofaffin itatuwa masu ba da kaɗan. A jira inabi ya nuna sosai don kada a nemi sukari. A tsinka da hannu, a tsince duk ƙwayar da ta ruɓe tun a gona. A bar yis ɗin da ke jikin ɓawon inabin ya yi aikinsa. Farar wuta kuwa, ko a bar ta, ko a sa ƴar kaɗan a ƙarshe. Wasu maƙwabta uku, Jean Foillard da Guy Breton da Jean-Paul Thévenet, suka bi sahu, har wani dillalin Amurka, Kermit Lynch, ya laƙaba musu sunan gungun mutum huɗu. A lokacin, da yawa a yankin kallon masu taɓin hankali suke yi musu.

Masu tallar irin wannan giya a yau suna son cewa "ba a yi mata komi ba", kamar inabi ne ya shiga kwalba da ƙafarsa. Wannan yaudara ce, kuma raini ce ga masu aikin. Farar wuta tana kashe ƙwayoyin da ke mai da giya ruwan tsami. Wanda ya cire ta, ya cire wa kansa garkuwa, sai ya maye gurbinta da tsafta da ido da sani. Almajiran Chauvet sun koyi duba ɗigon ruwan inabi ƙarƙashin madubin kimiyya don su ga ko yis ne ke rinjaye ko ƙwayoyin ɓarna. Kuskuren kwana biyu na iya cinye amfanin shekara. Shi ya sa kasuwar "natir" ta cika da kwalaben da ke warin ruɓa, waɗanda masu su ke kira ɗabi'a alhali sakaci ne. Gidan Lapierre da kansa bai mai da abin addini ba: yana fitar da giyarsa ta Morgon iri biyu, ɗaya babu farar wuta ko kaɗan, wadda sai an ajiye ta a wuri mai sanyi, ɗaya kuma da ƴar kaɗan don ta jure tafiya mai nisa, kuma yana nuna bambancin a bayan kwalba. Wannan faɗin gaskiya ya fi kirarin ƴan talla daraja.

A gona ma noman biyo bai zama tsarkakakke ba. Inabi shuka ce mai laulayi. Duk da gonakinsa ba su wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na ƙasar noman Faransa ba, an daɗe ana ƙiyasta cewa suna cinye kusan kashi 20 na magungunan feshin ƙasar. Manomin biyo shi ma yana feshi, sai dai da farar wuta da jan ƙarfe, don yaƙar fumfunar da ke cin ganye idan damina ta yi yawa. Jan ƙarfe ba ya narkewa, taruwa yake a ƙasa shekara da shekaru, har Tarayyar Turai ta taƙaita shi zuwa kilo 28 a hekta cikin shekara bakwai. Ruwan sama na wanke shi, don haka tarakta ke komawa gona sau da yawa. A shekarar da ƙanƙara ko fumfuna ta sauka, ko irin daskararren sanyin Afrilun 2021 da ya ƙone tohon inabi a faɗin Faransa, mai biyo na cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. A 2013 wani manomin Bourgogne, Emmanuel Giboulot, ya ƙi bin umarnin hukuma na yin feshi kan ƙwaron da ke yaɗa wata muguwar cutar inabi. Kotu ta ci shi tara a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta Dijon ta wanke shi kafin shekarar ta ƙare. Dubban mutane sun mara masa baya, amma manoman da ke gefensa su ma suna da hujja, tunda ƙwaro bai san iyakar gona ba.

Duk da haka, idan aka auna, ma'aunin ya karkata wajen Lapierre, kuma dalilin da ya fi ƙarfi ba ya cikin kwalba. Yana jikin wanda ke shiga gona. Tun 2012 Faransa ta amince a hukumance cewa cutar karkarwa ta Parkinson cuta ce ta sana'a ga manoman da suka daɗe suna hulɗa da magungunan feshi. A 2015 aka ƙara wani nau'in cutar daji ta jini, a 2021 aka ƙara dajin mafitsarar maza. Attajirin da ke kurɓa a Paris ba shi ke shaƙar feshin ba. Lebura ne ke shiga layin inabi bayan an fesa, ganye na goga masa fuska da damtse. Duk hektar da aka raba da maganin kashe ciyawa, shi ta fara amfana.

To amma noman da ya rage magani, hannu yake ƙarawa. Ciyawar da ba a kashe da feshi ba, wani ne zai bi ta da fartanya a kan gangaren tudu. Inabin da ake so ya shiga ganga da cikakken nononsa, ba inji ne zai tsinke shi ba. Ƙwayar da ta ruɓe, yatsa ne zai cire ta. Kowace kalma da ake yabon wannan giya da ita, sa'o'in aikin wani ce. Kuma a nan ne tambarin ya yi gum.

A duba su ɗaya bayan ɗaya. Dokar giyar biyo ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2012, ta ƙayyade farar wuta a jar giya zuwa miligiram 100 a lita, maimakon 150 na sauran. Tambarin "Vin méthode nature", da ƙungiyar masu wannan sana'a ta fito da shi a 2020, ya fi tsauri: inabin biyo, tsinkar hannu, yis na asali, farar wuta kada ta wuce miligiram 30. Daga Disambar 2023 kuma an tilasta bayyana abubuwan da aka zuba a giya, ko da ta hanyar lambar da ake haskawa da waya ne. Mai saye na iya sanin abin da aka zuba a kofinsa. Ba zai iya sanin ko wanda ya tsinko inabin ya kwana a kan katifa ko a kan siminti ba, ko an biya shi.

Wannan ba zato ba ne. A Satumbar 2023, a yankin Champagne, inda doka ta wajabta tsinkar hannu kuma ake ɗaukar leburori sama da 100,000 kowane girbi, jami'an sa ido kan aiki sun gano mutum sama da 50 cunkushe a wani kango a ƙauyen Nesle-le-Repons. Yawancinsu ƴan Mali da Mauritaniya da Senegal da Côte d'Ivoire ne, marasa takardu, waɗanda aka kwaso daga Paris da alkawarin kuɗi. A girbin shekarar, cikin tsananin zafi, leburori da dama sun mutu a gonakin yankin. A Yulin 2025 kotun Châlons-en-Champagne ta yanke wa shugabar kamfanin da ya ɗauko mutanen hukuncin ɗauri kan safarar bil Adama, ta kuma ci wani kamfanin giya da ya yi amfani da su tarar yuro 75,000, kusan sefa miliyan 49. Champagne ita ce sarauniyar sunayen AOC.

Kada masu "natir" su ce wannan matsalar manya ce kawai. A 2020, a yankin Puglia na kudancin Italiya, an tsare mahaifin wata fitacciyar mai irin wannan giya a gida kan zargin bautar da baƙin leburori a gonakinsa. Ita ta ce harkarta daban take da tasa, amma dillalai da dama a Amurka suka daina karɓar kayanta. Lamarin ya girgiza harkar, domin ya nuna cewa masu sayen da ke tambayar wane yis aka sa, shekara da shekaru ba su taɓa tambayar wa ya yi aikin ba. A 2024 kuma an kama masu irin wannan ta'asa a gonakin inabin Langhe, a arewacin Italiya, inda ake yin wasu daga cikin giya mafi tsada a ƙasar, duk da dokar 2016 da ta tsananta hukunci a kan dillalan leburori.

Adalci ne a faɗi cewa babu abin da ya haɗa gidan Lapierre da waɗannan shari'o'i. Ƙaramin gidan da ke ɗaukar masu tsinka da kansa, ya san sunayensu, yana ganinsu kowace safiya, ya fi wuyar ɓoye zalunci. A mafi yawan ɓarnar da ta fito fili, akwai ɗan kwangila a tsakani: mai gona ya biya kamfani, kamfani ya biya wani, wancan ya aika mota tashar jirgin ƙasa ta kwaso mutane, kowa ya samu hanyar cewa bai sani ba. Sai dai zama "gidan iyali" ba shaida ba ce. Iyali ma na iya kiran ɗan kwangila, kuma ƙaramin manomin da sanyi ya cinye wa rabin amfani yana da kowane dalili na neman hannu mai araha. Ga shi kasuwar tana ƙuntata: Bafaranshen da a shekarun 1960 ke shan sama da lita 100 a shekara, yau kusan 40 yake sha, har gwamnati na biyan manoma yuro 4,000 a hekta don su tumɓuke inabinsu. Idan riba ta matse, wuyan lebura ake fara shaƙewa.

Ga ɗan ci-ranin da ke shirin zuwa girbi, akwai abubuwan da doka ta riga ta ba shi. A Faransa akwai kwantaragi na musamman don tsinkar inabi, wanda ba ya wuce wata ɗaya, kuma ko an sabunta shi jimillar ba ta wuce wata biyu a shekara. Albashin ba ya sauka ƙasa da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, ko da bisa kilo ake biya. Wanda ya yi aiki ba shi da takardu, doka ta ce duk da haka a biya shi guminsa. Wanda aka yi safararsa kuma ya shigar da ƙara, doka ta buɗe masa hanyar samun izinin zama. Mutanen Nesle-le-Repons sun kai kotu ne da taimakon ƙungiyar ƙwadago ta CGT da masu kare haƙƙin bil Adama. Alkawarin baki a bakin tasha, daga mutumin da ya ƙi faɗin sunan gonar da za a je, shi ne mafarin kusan kowane irin wannan labari.

Wasu za su ce ai dokar ƙwadago na nan, ba aikin tambarin giya ba ne ya zama ɗan sanda. Hujjar tana da ƙarfi a takarda. A gona kuwa, girbi mako biyu ne zuwa uku, jami'an sa ido ƴan kaɗan ne, kafin su kai ga kowane tudu an gama an watse. Tara kuma, ga mai sayar da kwalba a kan dubban sefa, kuɗin shiga kasuwa ce kawai. Abin da mai giya ke tsoro shi ne a cire masa suna. Shi ya sa bayan abin kunyar 2023 ƴan ƙwadagon Champagne suka nemi a shigar da yanayin aiki cikin ƙa'idojin AOC, ta yadda inabin da aka tsinka da zalunci zai rasa ikon ɗaukar sunan yankin. Buƙatar ta dace. Dokar da ta iya ƙayyade tazarar da ke tsakanin itace da itace, da ranar fara girbi, da kilo nawa za a matse, ba za ta gaza ƙayyade inda mai tsinka zai kwana ba.

Masu "natir" su ya kamata su riga kowa. Su ne suka ce wa duniya AOC bai isa ba, biyo ma bai isa ba, suka zauna suka rubuta wa kansu ƙa'idojin da suka fi na gwamnati tsauri, suka yarda a zo a binciki kwalabensu. Su ne kuma suka wajabta tsinkar hannu a cikin waɗannan ƙa'idoji, don haka su suka fi kowa dogara da lebura. Ƙara layi biyu a takardar, ɗaukar ma'aikaci kai tsaye ko bayyana sunan ɗan kwangila, da buɗe wurin kwanan masu tsinka ga mai bincike, bai kai wahalar abin da Marcel Lapierre ya yi a 1981 ba, lokacin da ya ajiye maganin kashe ciyawa maƙwabtansa na yi masa dariya.